Yadda Za Ka Shigar da Ƙasarka Ƙawancen Tsaro da Cokali

Kai da ƙasarka ta gaji da zaman benci a ƙofar babban ƙawancen tsaro, matso kusa. Dabarar nan ta Manjo Tengiz ce, kwamandan wani ɗan bariki a tsaunukan Jojiya, kuma na ba ka tabbacin ba za ka tashi a tutar babu ba.

1. Shafe komai da fenti

Da Tengiz ya ji ƙawancen zai turo mai duba shirinsu, sai ya sa aka fente duwatsu, har da tankar yaƙin da kaji ke ƙwai a cikinta. Kai ma yi haka. Abin da ba ya motsi a fente shi, mai motsi ya ƙame.

2. Kada baƙo ya ga makami da yunwa

Baƙon, Kanar Joris, ya nemi a kai shi rumbun makamai. Tengiz ya ce a garinsu ba a zancen bindiga kafin burodi mai cuku, ya wuce da shi gida. Da la'asar Kanar ya sassauta bel, ya manta da rumbu.

3. Saki tsohuwa

Lamara, mahaifiyar Tengiz, tana da gonar inabi da shingen wayar iyakar babbar ƙasa maƙwabciyarsu ke ci kaɗan-kaɗan duk shekara. Ta dubi baƙon ta ce, "Ɗana, yaushe za ku karɓe mu?"

Kanar ya gyara murya ya ce ƙofa a buɗe take.

Ta ce, "To wa ya tsaya a bakinta? Ƙara nama."

Tengiz ya ji kamar ya nutse. Ita ko ta ja baƙon gona, ta nuna masa kurangar inabin da mijinta ya dasa, can bayan waya. Ta miƙa wa Kanar kwandon tsinkar inabi.

4. Jira rahoto

Rahoto ya zo: an yaba, a ci gaba da ƙoƙari, a sake tuntuɓa. Tengiz ya daɗe ba ya walwala. Amma da kaka ta yi, sai ga Joris ba kaki, ya zo tsinkar inabi. Bana shi ne uban baftismar 'yar Tengiz.

Lamara kan ce wa maƙwabta, "Ba su karɓe mu ba, amma mun karɓe musu kanar guda. Haka za mu bi su ɗaya-ɗaya."

Gargaɗi: in ka wayi gari da janar-janar cike da tsakar gidanka suna jiran abinci, kujerar ƙawance kuwa shiru, babu ruwana. Kar ka turo mini ko ɗaya.