Tsohuwar Ganuwar da Na Yi wa Kuka

Shekarar da aka tura ni koyar da tarihi a Zurmi, iyalina suna Ƙaura, ni kuma ba ni da abokin hira sai rediyo. Wata Asabar na ce wa malaman makarantarmu mu je wajen Dauran mu ga ragowar tsohuwar ganuwa. Kowa ya kawo uzuri. Na hau babur ni kaɗai, ban tambayi kowa hanya ba. Ina mai digirin tarihi ina tambaya?

Can cikin gonakin gero na hango guntun ginin jar ƙasa. Na cire takalmi, na zauna, na yi wa mazan jiya da suka kwanta dama a wurin addu'a, har da ƙwalla. Na ɗauki hoto na tura wa malamai ta waya, na rubuta: "Ku ga abin da ya wuce ku."

Sai ga wani dattijo da fartanya a kafaɗa.

"Malam, lahiya? Mi kaka yi nan?"

"Baba, ka kuwa san shekarun ginin nan?"

"Na sani mana. Rumbuna na. Bara ruwa ya kada shi."

Kafin in goge hoton, malamin lissafi ya riga ya gane rumbun. Ashe dattijon kawunsa ne.

Har yau, in damina ta kada katangar wani, sai wayata ta yi ƙara: "Malam, yi maza, tarihi ya faɗi a gidanmu."

Nakan je kuwa. A da ba mai kirana ko'ina.