Yadda Za Ka Mayar da Dubai Ta Zama Dabai Ranar Tantance 'Yan Fansho

Ɗan fansho ɗan'uwana, matso kusa. Idan ƙaddara ta kawo ka Dubai, korona ta sa aka rufe hanyar jirgi, sannan ƙaramar hukumarku ta ce duk tsohon da bai nuna fuskarsa ba a cire sunansa, to kai nake wa magana. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari fanshonka ba zai tsaya ba, kuma ba za ka yi ƙarya ko guda ba. Ni Sabo Masinja a kaina na gwada.

Masinja na yi a sakatariyar ƙaramar hukumarmu har na yi ritaya. Autata Saratu ma'aikaciyar jinya ce a nan. Ita da mijinta Nasrullahi mai aikin kargo suka ɗauko ni a cire mini yanar ido. Da zan taho na ce wa mutane zan je wajen 'yata, ban faɗi gari ba, don gudun sautun turare. An yi aiki, ido ya buɗe, hanya ta rufe.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da kwamiti ba ya son ji

Ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata aikinta uku ne: zuwa dubiya, zuwa ta'aziyya, da zama a ƙofar ofishin ma'aji har ya gaji ya fito. Sakatarenmu Malam Idris shi kaɗai ya san inda nake. Shi ya kira ni.

"Sabo, mun roƙi kwamitin tantancewa sun yarda a duba marasa lafiya ta kiran bidiyo. Na sa sunanka."

"Madalla! Sai in tsaya gaban dogon benen nan da ya fi kowanne tsawo a duniya su ma su sha kallo."

"Kai, kana da hankali kuwa? Masinja a Dubai? Abu biyu za su ce. Ko ka mutu wani na yawon duniya da fanshonka, ko kuma ka yi sama da kuɗin gwamnati. Ko wanne suka zaɓa, fayil ɗinka bincike zai tafi."

Gaskiyarsa. Ɗakin binciken nan na san shi, ni nake kai fayiloli can. Ban taɓa ɗauko ko ɗaya ba.

Saboda haka aikinka biyu ne: ka nuna kana raye, ka kuma ɓoye Dubai. Na farkon mai sauƙi ne.

Mataki na biyu: Cire haƙoranka

Nan sirrin yake, ka buɗe kunne. Akwai gari a ƙasarmu ana ce masa Dabai. Biyu ne ma, ɗaya ta wajen Funtuwa, ɗaya ta wajen Zuru. Tsakanin Dubai da Dabai wasali ɗaya ne tak, kuma wasalin nan a haƙori yake zaune.

Idan 'yarka ta sa an yi maka haƙoran roba irin nawa, zare su ka sa a kofi. Yanzu ce "Dubai". Ka ji? Sake faɗa, ka ɗan haɗa da tari. Kai Dubai ka faɗa, Allah shaida ne. Abin da kunnen gwamnati ya ji kuma ba a wuyanka yake ba.

A jirgin ƙasa nake yin bita, daga Abu Hail in sauka Al Rigga in dawo. Jirgin nan, ɗan'uwa, ba shi da direba. Na je har gabansa na leƙa, ba kowa, sai yara da ni. Na daɗe ina tunani: idan jirgin ya tsufa, wa za a ba fansho? Kuma da a wajenmu ne, mutum nawa za su riƙa karɓar albashin direban da babu? Ina cikin wannan tunani ina ta maimaita "Dabai, Dabai" a ƙarƙashin takunkumi, wani ɗan Indiya ya tashi ya ba ni kujera, yana tsammani zikiri nake.

Mataki na uku: Sauke kumatu

Dubi hoton da ke katinka na fansho, sannan ka dubi madubi. Mutum ɗaya ne? Ba shi ba ne. Shinkafar Larabawa da sanyin ɗaki sun ɓata maka shaida. Ɗan fansho na gaskiya ana iya rataye buta a ƙashin wuyansa.

Ka kama azumin nafila. Ga lada, ga rama. Saratu za ta yi rigima.

"Baba, ka san wahalar da na sha kafin ka yi wannan kyan?"

"Auta, kyan nan zai cinye mini fansho."

"To ba ga mu ba? Me ka nema ka rasa?"

Kada ka tsaya dogon bayani. Yaran yanzu ba su san daɗin mutum ya sa hannu a aljihunsa ya ciro abin goronsa ba tare da ya ce wa kowa na gode ba. Ce mata ta nemo maka rigar da ka zo da ita, idan ba ta riga ta mayar da ita tsumman goge-goge ba. Tawa ta mayar. Hakan ma ya fi.

Mataki na huɗu: Nemo bango

Wannan ne mataki mafi wahala, domin mutanen nan ba sa barin bango ya tsufa da mutuncinsa. Da ya fara tsagewa sai su rushe. A gida ba zai yiwu ba, fitila ba ta ko ƙiftawa, duk wanda ya gani ya san ba ƙasarmu ba ce.

Tafi Satwa, unguwar teloli. A lungun bayan shagon wani tela ɗan Pakistan na samu bango mai kyau, fenti ya ɗaye, ga tabon ruwa, ga wayoyi sun sarƙe a sama. Da na gan shi sai da ƙwalla ta zo mini, kamar na ga ɗan garinmu.

Amma ka yi hattara da dogon benen nan mai kama da tsinken tsire. Bin mutum yake yi. Ka juya gabas yana nan, ka shiga lungu ya leƙo ta saman kafaɗarka. Ka zauna ƙasa, ka sa mai riƙe waya ya karkato ta. Na tambayi telan ko wanda ke can ƙoli yana rigan mu shan ruwa da azumi ko mu muke rigan shi, ya ce, "Yalla baba, khalas," wato ya isa haka, ya ba ni tabarma.

Mataki na biyar: Tanadi akuya

Ƙauye ba ya shiru. Idan babu kukan dabba a bayanka, kwamiti zai yi zargi. A Satwa kyanwoyi ne kawai, su kuma ko'ina yarensu ɗaya.

Wayar surukinka ita za a yi kiran da ita, don shi ya san wace manhaja ke aiki a garin nan. To ba wayar da za a kunna akuya. Dole a yi da baki.

"Baba, don Allah a duba lamarin nan," in ji Nasrullahi, kansa a ƙasa. "Ni fa da ma'aikata a ƙarƙashina."

"Ba kai ka ce duk abin da nake so in faɗa ba?"

"Na faɗa, Baba."

"To akuya nake so."

Yaron kirki ne. Ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya juya mini baya saboda kunya. Ta farko da ya yi tunkiya ce, na gyara masa. Ka lura, kukan akuya ba magana ba ce, don haka ba a lissafa shi a ƙarya.

Mataki na shida: Faɗi gaskiya, amma a takaice

Ranar ta zo. Waya ta buɗe, ga barandar sakatariya, ga tsofaffinmu jere a benci. Shugabar kwamiti wata Hajiya Mariya ce, gilashinta a kan hanci. Shugaban ƙungiyarmu Alhaji Ibrahim yana tsaye a kanta yana cusa fuska a waya.

"Baba, sunanka?"

"Sabo Masinja, ranki ya daɗe."

"Kana ina yanzu?"

Na yi tari, na saki kalmar. Akuya ta yi kuka a kan lokaci.

"Dabai?" in ji Alhaji Ibrahim. "Ashe can Saratu take aure! Sabo, ya garin?"

"Zafi, shugaba. Ga yashi."

"An yi ruwa?"

"Tun da na zo ban ga na kirki ba."

"Subhanallahi. To amfanin gona fa?"

"Ban ga mai noma ba. Komai saye suke."

Benci ya ɗauki salati. Sai ga abin da ban shirya masa ba. Ranar Dubai tana rigan tamu tafiya, su suna hantsi, mu kuwa ladan ya kwaɗa kiran azahar. Hajiya Mariya ta dubi agogonta.

"Wace salla ce wannan da hantsi?"

"Ranki ya daɗe, mutanen nan komai da wuri suke yi."

Ta sauke gilashi ta ƙare mini kallo: baki ba haƙori, riga a yage, ga gumin Satwa na zuba. Muryarta ta yi laushi.

"Allah sarki, Baba. Suna ba ka abinci kuwa?"

"Yau ban sa komai a bakina ba."

Azumi nake. Ta buga hatimi da ƙarfi har na ji a nan. "Yana raye," ta ce. Sannan ta ƙara a hankali, "Tukuna."

Mataki na bakwai: Kada ka ƙware da yawa

A nan ne na ɗan zarce, kai sai ka rage. Bar haƙori ko na sama ne.

Ana kashe waya ƙungiya ta yi taron gaggawa a wurin. Alhaji Ibrahim ya ce abin kunya ne ɗansu na can yana ƙarewa a ƙauye ba a leƙa shi ba. Aka ɗauki hayar bas, aka sayi lemo da kaza. Malam Idris ya yi ta cewa hanya ba kyau, aka ce masa marar zumunci. Dole ya shiga gaba, shi ne ma mai riƙe da kazar.

Suka zaɓi Dabai ta kusa. Suna sauka suka tambayi gidan da wani tsoho Sabo yake jinya. Aka ce, "Ayya, kun makara, shekaranjiya aka kai shi." Ashe wani Sabon ne dabam, bawan Allah mai sayar da rake, Allah ya ji ƙansa, ya kai haske kabarinsa. Ƙungiyarmu kuwa ba ta da gwaninta kamar ta ta'aziyya. Nan take dubiya ta juye.

Malam Idris ya kira ni ya sa wayar a aljihun gaba, na ji komai. Ɗan'uwa, in kana da hali ka saurari taka ta'aziyyar ko sau ɗaya. Ni ban san haka nake ba! Alhaji Ibrahim, wanda bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba sai da kai, yana kuka yana cewa, "Mutum ne da ko ruwa ake bai taɓa bari fayil ya jiƙe ba."

Na ji muryar wata tsohuwa, da alama matar mamacin, daga cikin gida: "Fayil kuma? Malam ɗin?"

Alhaji Ibrahim ya ce, "Ai ba ya faɗa, Hajiya. Haka yake, ba ya son nuna kai."

Na yi kuka, Saratu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Suka bar wa iyalan lemo da kaza, aka yi addu'a mai kyau, kuma na tabbata ta isa inda ya kamata.

Da suka koma, Alhaji Ibrahim da kansa ya je ya sanar da kwamiti. Malam Idris ne ya ba ni labari. Hajiya Mariya ta buɗe fayil ta nuna masa hatimi.

"Alhaji, gwamnati ta riga ta ce yana raye. Ba ta magana biyu. In ya mutu, ya zo tantancewa ta gaba ya yi bayani."

Ƙarshen wata waya ta yi ƙara. Fansho ya shigo. Na mayar da haƙorana na ci nama.

Gargaɗi

Wannan shawara kyauta ce, kuma kamar kowace kyauta ba a dawo da ita. Idan surukinka ya daina haɗa ido da kai, ko telan Satwa ya fara karɓar kuɗin bango, ko bas ɗinku ya nufi Dabai ta wajen Zuru mai ya ƙare a hanya, babu hannuna. Wanda kuma ke zaune a Sharja ya nemi nasa garin da kansa, na duba taswira ban samo masa ba.

Mai ƙorafi ya kai ofishin ƙungiyarmu, ranar Laraba suke zama. Za su karɓe ka hannu biyu, su ba ka benci, su gaya maka marubucin ya rasu. Ka yi musu gaisuwa, don Allah. Sun yi babban rashi.