Lambar Da Ta Ci Gashina

Lokacin kullen korona a unguwar Sri Petaling ta Malesiya, ba abin kallo sai wasan ƙwallon rugby league. Abokin zamana Nura ya nuna min lambobin 'yan caca: wannan ƙungiya ɗaya da 'yan kai, waccan tara. Muka shirya duk wanda tasa ta faɗi a aske shi.

"Tara na ɗauka," na ce. "Babbar lamba ai ta babbar ƙungiya ce. Lissafi fa nake karantawa!"

Ashe wadda ba a sa ran za ta ci ake ba babbar lamba. Aka lallasa su. Munafukin ya sani sarai, ya yi shiru! Shagunan aski a rufe, da almakashin kicin ya sassaɓe min kai yana dariya.

Har yau in na shiga mamak, gidan abincin unguwa, sai ya ɗaga murya da Malayanci wai in zo mu ci: "Farfesa Tara, makan lah!"