Ranar da Na Jefar da Amarya Bayan Katanga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na jefar da amarya bayan katanga ba, kodayake in aka bi ta tawa, da tuni kowa ya manta.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa a wata makaranta a Birnin Kebbi. Kundin da na rubuta na kammala digiri a kan kayan wasa da finafinan yara ne: yadda suke nuna wa yaro cewa fari shi ne kyakkyawa, mai kuɗi shi ne mutum, namiji ya tuƙa mota, mace ta yi raino. Ba zan ce na ƙware ba, amma a lokacin ina jin duk garin babu wanda ya kai ni fahimtar wannan matsala (ban taɓa faɗa a fili ba, a zuci kawai).

Wata Asabar na shirya zuwa Argungu gaida Inna, wadda ke zaune gidan yayata Hajara. Na biya shagon wani ɗan kudu don in saya wa Dije, 'yar Yaya mai shekara bakwai, tsaraba. Na ɗauki wata ƙaramar motar roba ina jujjuyawa.

"Malam, mace ce ko namiji?" in ji mai shago.

Na ce mace. Ya karɓe motar daga hannuna, ya miƙo mini 'yar tsana fara tas, mai gashi ruwan ɗorawa da shuɗin ido, wadda ke lumshe ido in an kwantar da ita. Na so in yi masa bayanin kundina, amma akwai mutane a bayana. Na saya. Har muka isa Argungu ina lallashin kaina cewa zan ba ta tare da bayani mai gamsarwa.

Na tarar da Yaya da maƙwabta suna turara shinkafa a tsakar gida, aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa. A gefen tabarmar na ga wani tsohon ƙashi, irin na ƙafar saniya, naɗe cikin tsumma. Ni kuwa mutum ne mai tsoron cuta. Na duba hagu da dama, na ɗauke shi da yatsu biyu, na wurga shi bayan katanga, har ina jin daɗi na yi wa gidan aikin tsabta ba tare da na kunyata kowa ba.

Ba a jima ba sai ga 'yan mata ƙanana kamar goma sun shigo da 'yan ƙoruna a ka, suna waƙa. Ashe ranar ce ake bikin 'yar tsanar Dije. Sun yi kwanaki suna shiri, an samu ango daga gidan maƙwabta, an roƙi tsabar shinkafa an dafa. Dije ta zo gefen tabarmata ta tsaya turus.

"Kawu, ba ka ga amarya ba? Nan na aje ta."

Na ce wace amarya. Ta ɗaga tabarma, ta leƙa bayan randa. Zan iya yin shiru a ɗora wa akuya laifi (na yi wannan tunani, Allah ya yafe mini). Amma dai na ce, cikin ƙaramar murya, wataƙila, mai yiwuwa, na ga wani abu kamar ƙashi, kuma kamar na jefar da shi.

Don in gyara, sai na ƙara ɓatawa: na zaro 'yar tsanar shago na ce, "Ga wadda ta fi ta kyau."

Ni, da bakina, mai kundi guda a kan wannan magana.

Dije ta karɓa ta duba ta sama da ƙasa, hawaye na zuba. "Kawu, wagga ba ta da kitso. Idonta irin na kyanwa. Kuma ba ita aka nema ma ango ba."

Sai Inna ta ajiye tsinken da take sakace da shi. "Auta, mi kac ce ka jefar? Ƙashi? Ɗiyar da ni da hannuna na yi ma kitso da zare tun Hajara na ƙarama? Kai ka manta da ita? Kana shekara huɗu kai ka goyon ta, da ɗankwalina. In an amshe ka yi ta birgima. Babanku ya ce a hana ka, nac ce a bar min yaro ya yi rainonai."

Matan suka kwashe da dariya, har wata ta saki ludayi cikin tukunya. Yaya ta ce, "To uwar amarya, tashi ka ɗauko ɗiyarka."

Bayan katangar nan ne duk ruwan turarar shinkafa ke kwanciya. Na tattare farin kaftanina mai guga, na cire takalmi, na shiga taɓo har ƙauri, ina lalube da hannu. Wasu dattawa da ke wucewa suka tsaya suna tambaya ko malam ya yar da agogo ne. Na ce a'a, amarya nake nema. Ba su ƙara tambaya ba.

Da na same ta na wanke, sai na ga abin da ban tsaya na duba ba da farko: kitso ƙanana, kwalli a ido, jigidar duwatsu a ƙugu. Wani abu ya motsa mini a rai, kamar na san nauyinta a bayana. Ina shigowa da ita matan suka rangaɗa guɗa, wai an kawo amarya. Dije ta share hawaye ta naɗa ni waliyyi, na zauna da taɓona aka ba ni shinkafa a murfin gwangwani, na cinye.

Ita kuwa baturiyar ba a kore ta ba. Suka ɗaura mata kallabi, suka ce baƙuwa ce daga nesa, a ba ta abinci. Da aka zo kai kayan ɗaki, Dije ta jawo wata motar kara da ta haɗa da kanta, ƙafa ɗaya na ta ficewa.

"Kawu, da mota ka kawo min da ta fi amfani," in ji ta.

Zuwana na gaba na kai mata motar, kuma wannan karon ban bari mai shago ya karɓe ta daga hannuna ba.

Har yau ina gode wa Inna da ta bar ni na yi goyo, da Dije da ba ta riƙe ni a zuci ba. Ba zan ce karatuna bai yi amfani ba, amma tun daga ranar, in na ga wani abu naɗe cikin tsumma a gidan mutane, nakan tambayi sunansa kafin in taɓa.