Liftar Gidanmu da Gwiwar Inna

Jama'a, jiya da bakina na kori abin da na shekara ina roƙon Allah ya kawo mini. Cikin ladabi kuma na kore shi, har da dafa ƙirji.

A hawa na shida muke zaune a nan Shiraz ta ƙasar Iran, ni da matata Mahbuba da Inna, mahaifiyata, mai shekara tamanin da uku. Tun bara liftar gidanmu ta mutu. Wani ɗan farantin lantarki ne ya ƙone a cikinta, bai fi tafin hannu ba, kamfanin da ke yinsa kuma yana ƙetare, ya ce ba zai sayar mana ba saboda takunkumi. Wai wasu gwanayen kutse da ake zargin manyanmu ke ciyarwa sun shiga kwamfutocin wata ƙasa sun yi ɓarna. Manyan can suka ce sai sun hukunta manyan nan. Da hukuncin ya tashi sauka, sai ya sauka a gwiwar Inna, wadda ko wayar salula a juye take riƙewa.

Manyan can sun rantse takunkuminsu mai ido ne, mai laifi kawai yake nema. Allah ya ƙara masa gani. Namu kuwa, Mai Girma Sarkin Kwantar da Hankali, ya ce ba mu muka yi kutsen ba, in ma mu ne an yi daidai, kuma takunkumi alheri ne, zai koya mana tsayawa da ƙafafunmu. Bai yi ƙarya ba. Nawa ƙafafun sun haddace matakala ɗari da takwas, safe da yamma, da burodi a hammata.

Maƙwabcina Agha Nosrat ya je ofishin Mai Girma kai kuka. Ya ce lifta ce ta kai shi hawa na tara, tana ƙamshi, tana kiɗa a hankali.

Na ce, "Ita tasu ba a gaya mata an sa takunkumi ba?"

Ya ce, "Yadolla, an bar jaki ana dukan taiki. Kai dai riƙe ƙarfen matakala."

Ni wahalata mai sauƙi ce. Inna ce ta saba zuwa kabarin Baba duk Alhamis ta yayyafa masa ruwan wardi. Shekara guda ke nan ba ta taka ƙasa ba. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai ran Alhamis ta yafa mayafi ta zauna bakin taga. Wannan yana ci mini rai. Da na goya ta, amma likita ya hana ni ɗaukar ko kankana.

Jiya sai ga Kambiz, ɗan kawun Mahbuba, injiniya mai furfura a gemu, wanda aka haifa aka raina a Jamus. Bayan shayi ya zaro wata safa daga jaka, ya warware. Farantin ne, sabo fil. Zuciyata ta yi tsalle.

Ya ce, "Yaya Yadolla, ga wannan. Kyauta ce."

To, ku kun san mu. Ɗan mutunci ba ya cafke kyauta a tayin farko. Sai an yi masa sau uku yana ƙi, sannan ya karɓa kamar an matsa masa. Na dafa ƙirji na ce, "Haba Kambiz, wallahi ya yi yawa. Ai mun saba da matakala, motsa jiki ne. Akwai waɗanda suka fi mu buƙata."

Ya dube ni cike da girmamawa. Ya ce, "Kai mutumin kirki ne." Ya naɗe safarsa, ya mayar jaka, ya yi sallama.

Na zauna ina jiran tayi na biyu har shayina ya huce.

Mahbuba ta ce, "Mutumin da ya girma inda a'a take nufin a'a za ka yi wa kara? Tashi ka kira shi, malam mai ladabi."

Kunya ta riƙe ni har la'asar. Da na kira, ya ce cikin murna ya bi shawarata: ya samu wani asibitin haƙori a bayan layinmu mai irin matsalarmu, ya ba su farantin, har an ɗaura, lifta tana aiki. Na ce Allah ya ba da lada. Me zan ce?

Yau Alhamis. Da safe na ga Inna ta yafa mayafi ta nufi taga, sai na durƙusa a gabanta.

"Inna, hau."

"A'a ɗana, bayanka."

"Hau mana."

"Bari, mahaifinka ba gudu zai yi ba."

Bayana ya raɗa mini cewa in yi irin ta Kambiz. Na cije na buɗe baki karo na uku. Ban rufe ba na ji ta a wuyana, da kwalbar ruwan wardinta da ta ɓoye cikin mayafi tun safe. A hawa na uku na ji hawayenta a ƙeyata, tana cewa, "Yi a hankali, kada ka fasa mini kwalba."

Mun je, mun dawo, yanzu a kwance nake rubutun nan. Masu Girma na can da na nan, in kuna neman inda yaƙin kwamfutarku ya sauka, yana nan tsakanin kafaɗata da ƙuguna. Ku zo mu sha shayi, hawa na shida. Wannan tayin zan yi shi sau uku hankali kwance, don na san ba mai hawowa.