Ƙamus Ya Je Biko Fassi

Allah Ya yi wa Rano baiwar duwatsu, Ya kuma yi mata baiwar Malam Abdurrahim, wanda 'yan tasha ke kira Ƙamus. Duwatsun dai ba sa magana. Shi kuwa, tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya naɗa kansa mai sulhunta ma'aurata, bakinsa bai sake hutawa ba.

Fanninsa surukuta. "Kalmar suruki," in ji shi, yana gyara rawani, "daga Larabci ta taso, ta keto sahara a kan raƙumi. Uban matarka da ƙannensa su ne surukai. Ba ka ci a gabansu, ba ka kama sunansu. Ƙanin mata kuwa abokin wasa ne. Jahili ne kaɗai ke haɗa su."

Hidimar jama'a ta yi masa yawa, bawan Allah. Tun da wakilai suka karɓo masa auren Nuriyya bai taɓa taka garinsu Fassi ya gaida danginta ba, ko ranar da mahaifinta ya rasu. Ta gaji, ta yi yaji. Maganarta yanzu tana hannun baffanta Haliru. Ƙamus ya saka babbar riga ya tafi biko.

A ƙofar gida ya tarar da mutum biyu a inuwar darbejiya, wani mai furfura da wani matashi yana cin ɗanwake. Idon masani ba ya kuskure. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban mai furfurar, ya zuba gaisuwa kamar ruwan tsakiyar damina. Sannan ya juya ya karkata wa matashin hula.

"Kai ƙanin mata, matsa mana! Duk cin nan ba ka ƙiba?" Ya tsoma hannu a kwanon. "Shiga ka ce wa yayarka ta shirya."

Mai furfurar ya kasa riƙe dariya. "Malam, ni Sule ne, yayan Nuriyya. Wannan shi ne Baffa, autan kakanmu. Na girme shi, amma ni ma durƙusa masa nake yi."

Ƙamus ya zare hannunsa daga kwanon.

Haliru ya daidaita hularsa a hankali, ya tura masa kwanon. "Ƙarasa ci tukuna, Malam. Nuriyya tana nan, ba inda za ta. An ce akwai wani masanin surukuta a Rano. In ka koma, ka roƙe shi ya zo maka bikon."