Ranar da Na Buɗe Gidan Kawu ga Titi

Ba zan taɓa mantawa ba, wallahi, da ɓarnar da na tafka a ginin kawuna Alhaji Sabi'u a Funtua.

Ni fa ina son harkar gini kamar me. Ban yi makarantar abin ba, amma babu bidiyon gini da ban kalla a waya ba. Kawu yana Kaduna yana harkar hatsi, sai ya ce min, "Tunda kana kusa, ka riƙa leƙawa kana turo min hoto. In na ga ka natsu, zan haɗa ka da Malam Nura ka koyi aikin." Malam Nura shi ne akitek ɗin da ya zana gidan, kuma shiga ofishinsa shi ne babban burina a duniya. Washegari na sayi hular kwano ruwan ɗorawa na tafi (kan babur ma da ita nake tafiya, tun daga Maska). Birkiloli suka laƙaba min Injiniya, ni kuma ina amsawa.

Wata rana ina zagayawa sai na lura da zaure. Ƙofar titi tana nan, ƙofar shiga cikin gida kuma tana can kwana, sai mutum ya karkace kafin ya shige. Ni kuwa a satin nan na kalli bidiyon yadda iska ke ratsa gida in ƙofofi suna kallon juna. Na ce kai, ashe manya ma suna kuskure! Na je na sami ɗan kwangilar, Alhaji Ɗanjuma, na ce a toshe ta kwanar a fasa wata saitin ta waje.

Ya dube ni ya ce, "Alhaji ne ya ce?"

Na gyara hula na ce, "Ni da Alhaji ai duk ɗaya ne."

Ya ce, "To, Injiniya." Aka fasa, aka zuba linta ta kankare a saman ƙofar. Hoton wurin kam ban tura ba, so nake Kawu ya gani da idonsa ya sa min albarka.

Ran nan sai ga Kawu da matarsa Hajiya Binta da Malam Nura. Hajiya ta shige ciki duba ɗakin girki, zafi ya ishe ta, ta cire mayafi ta zauna kan bulo a tsakar gida tana fifita. Mu muna tsaye bakin titi, ina ta murmushi ina jiran a lura. Sai wani ɗan acaɓa ya zo wucewa, ya rage gudu, ya ɗaga hannu ya ƙwala, "Hajiya, sannu da hutawa!"

Daga titi fa. Ya hango ta tun daga titi.

Hajiya ta yi salati ta wawuri mayafi. Kawu ya leƙa ta ƙofar, ya juyo a hankali ya ce, "Nura, gida na ce ka zana min ko tasha?"

Malam Nura ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙofar ba tawa ba ce. Alhaji Ɗanjuma, wa ya ba ka?"

"Wakilin mai gida."

Kawu ya ce, "Wane wakili? Ni ina da wakili?"

Ni ma sai na waiga ina neman wakilin, kafin na ga yatsan Alhaji Ɗanjuma a kaina. Na buɗe baki na ce, "Kawu, iska ce..." Hajiya daga ciki ta ce, "Iska kam ta shigo, ɗan nan, har da mutanen gari!"

Daga nan kaina ya ƙulle. Malam Nura yana faɗa wa ɗan kwangila cewa a yarjejeniyarsu ba ya canza ko bulo ɗaya sai da sa hannun mai zane. Ɗan kwangila yana rantsuwa shi aikinsa ginawa, jinin mai gida ya yi magana, ya zai yi? Kawu na cewa ko shi mai gidan, in yana son canji Nura yake kira, ba birkila ba. Na rasa bayan wa zan bi. Duk wanda ya yi magana sai in ce "haka ne", har wanda ke zagina.

Abin da ya fi min ciwo, a gida mai zaure aka haife ni. Kullum sai na karkace nake shiga wajen Inna, ban taɓa tambayar dalili ba.

Aka yanke cewa ɗan kwangila zai gyara, tunda ya karɓi umarni daga wanda bai isa ba (wanda bai isan yana tsaye a wurin). Kawu ya ce maganar ofis ta mutu. Malam Nura ya ce a'a, a bar ni in zo, na fi hatsari a waje.

Yanzu na yi watanni a ofishin, kuma abin da na koya ke nan: mai gida ya faɗi abin da yake so, mai zane ya zana, ɗan kwangila ya gina. Na nemi gurbin ɗan 'yar'uwar mai gida a tsarin nan sama da ƙasa, babu shi.